Ƙashi, Katantanwa Ko Farar Ƙasa? Abin Da Ke Cikin Farin Zanen Tukwanen Mutanen Da

A gidajen adana kayan tarihi na Hangari, Kuroshiya, Sabiya da Sifaniya akwai wasu tukwane baƙaƙe wuluk masu sheƙi, an zane jikinsu da layuka farare fat. Wasu sun haura shekara dubu huɗu, amma farin bai dushe ba. Tsofaffin bayanai kan ce farar ƙasa ce ko garin katantanwa. Binciken da aka yi a ɗakunan gwaji daga shekarun 2000 zuwa yau ya ce da yawa daga cikinsu ƙonannen ƙashi ne. Wani binciken daga Italiya ya ambaci dutsen da ake yin hodar shafawa da shi, wani daga Jamhuriyar Cek ya ambaci jifsam, dutsen da ake yin POP da shi. Mai karatu sai ya rasa na kamawa, wasu ma har sukan ɗauka da ƙasusuwan mamata aka yi adon.

Akasarin waɗannan rahotanni ba ƙaryata juna suke yi ba, kowanne tukwanen wani yanki da wani zamani yake magana a kai. Ido ba ya bambanta waɗannan fararen abubuwa, amma wuta da ruwa da ƙasa suna bambanta su ƙwarai. Abin da aka cusa a cikin zanen shi ke nuna yadda aka yi aikin, shi ne kuma ke yanke ko farin zai kai ga zamaninmu ko zai ɓace.

## Mene ne cikon fari?

Cikon fari ba fenti ba ne. Fenti a saman tukunya ake shafa shi. Shi kuwa ciko, sai an fara tsaga jikin tukunyar ko an danna mata hatimi tun tana ɗanya, sannan a cusa farin ƙullu a cikin tsagar har ya yi daidai da fatar tukunyar, a goge wanda ya fito waje. Haka kuma ya bambanta da ruwan farin yumɓu da ake tsoma tukunya a ciki gaba ɗaya kafin a gasa ta.

Fasahar ta yi ƙarfi a yankin Kogin Danub. Akwai tukwanen al'ummar Vučedol, kusa da garin Vukovar na Kuroshiya, a cikin shekaru dubu na uku kafin Miladiyya. Akwai na yammacin Hangari tsakanin 2000 da 1500 kafin Miladiyya, inda adon ya yawaita har masana suka raɗa wa al'ummar baki ɗaya sunan wannan ciko. Daga baya aka ci gaba da shi a ƙasan kogin, wuraren da a yau suke Sabiya, Romaniya da Bulgeriya, har a jikin ƙananan mutum-mutumi na yumɓu. A yammacin Turai ana samunsa a kofuna masu siffar ƙararrawa da suka bazu daga Fotugal zuwa tsakiyar nahiyar, cikinsu har da salon Ciempozuelos da ke kusa da Madrid. A Afirka, mutanen Nubiya ta ƙasa, a kudancin Masar da arewacin Sudan na yanzu, sun yi baƙaƙen akusa na yumɓu masu tsagar da aka cika da fari daga wajen 2400 zuwa 1550 kafin Miladiyya. Mutanen Lapita na tsibiran Fasifik ma sun cika zanensu da farar ƙasa. Babu wata alamar cewa duk waɗannan daga tushe ɗaya suka koya.

## Aikin da ake yi kafin fari ya shiga

Rabin nasarar cikon tana ga tsagar. Ana yin ta ne lokacin da tukunya ta sha iska, ta daina manne wa yatsa amma farce yana iya shiga. Idan yumɓun ya cika laushi, bakin tsagar yakan tattare ya rufe. Idan ya bushe da yawa, sai ya riƙa ɓantarewa, layin ya fito da kaushi.

Magina sun san cewa tsaga mai santsin ciki ba ta riƙe ƙullu. Shi ya sa a tukwane da yawa ba a ja layin da jan hannu ɗaya ba: ana soka tsinken ƙashi ko na itace, a ja kaɗan, a sake sokawa, har layin ya zama jerin ƙananan ramuka a cikin kwari ɗaya. Wasu sukan naɗa zare a jikin siririn kara su danna. Wasu suna amfani da hatimi mai haƙora kamar mataji. A Vučedol har yanko yumɓun ake yi da wuƙa a fitar, a bar faffaɗan gurbi, sannan a kakkarce ƙasansa. Duk waɗannan suna ba ƙullun wurin da zai maƙale. Zurfin tsagar bai cika wuce milimita ɗaya ko biyu ba, domin kyawawan kofunan kansu kaurin jikinsu 'yan milimita ne, kuma tsagar da ta yi zurfi ita ce inda tukunya ke dārewa a wuta.

Bayan haka sai guga da dutse mai sulɓi, wadda ke toshe ƙofofin fatar tukunyar. Wannan yana da amfani biyu: sheƙi, da kuma hana farin ƙullu kama wurin da ba a so, ta yadda za a iya share shi ba tare da ya bar dusu-dusu ba. Baƙin launin kuma daga wuta yake zuwa. Idan gasawa ta kusa ƙarewa sai a rufe wutar da ciyawa, ƙaiƙayi ko busasshen kashin dabbobi, iska ta yanke, hayaƙi ya shiga jikin yumɓun. Wutar fili irin wannan zafinta yakan kama daga digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyos, kuma wannan adadi shi ne mabuɗin fahimtar sauran maganar.

## Abubuwa biyar da suke ba da fari

Na farko shi ne sinadarin kalsiyam kabonet, wato abin da ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi, da dutsen alli, da ɓawon katantanwa da na halittun ruwa. Ana iya daka shi ɗanye a kwaɓa. Ana kuma iya ƙona shi tukuna. Daga wajen digiri 700 zuwa 850 yakan saki iskar da ke cikinsa, giram 100 na dutse ya koma giram 56 na ƙonanniyar farar ƙasa. Idan aka zuba mata ruwa sai ta yi zafi ta kumbura ta zama ƙullu mai laushi, wanda a hankali yake jan iska ya sake taurarewa ya koma irin sinadarin da ya faro. Wannan ƙullu yana kama kansa ba tare da an sa masa danƙo ba. Matsalarsa ita ce wuta: idan aka cusa garin dutsen tun kafin gasawa, kuma zafin ya haura wancan mataki, bayan kwanaki ko makonni laimar iska za ta sa shi ya kumbura ya zube, wani lokaci ya ɓantare bakin tsagar.

Na biyu ƙonannen ƙashi, kuma shi ne ya fi cin aiki. Sai an dafa ƙashin an raba shi da kitse da ɓargo, a shanya, sannan a ƙona shi a wuta mai samun iska sosai. Launinsa shi ke nuna inda aka kai. Wajen digiri 300 zuwa 400 yakan yi baƙi ƙirin. Daga nan sai ya koma toka-toka, wani lokaci da ɗan shuɗi. Sai zafi ya kai kusan digiri 700, kuma an ba shi lokaci, yake zama fari tas har cikinsa. A nan ya rasa wajen sulusin nauyinsa, ya yi garas, yana dakuwa cikin sauƙi a kan dutsen niƙa. Wanda ya yi gaggawa ya kwashe shi da wuri zai tarar da wajen fari amma tsakiyar baƙa, in ya daka sai garin ya fito ruwan toka. Wannan gari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin irinsa ne allin ƙonannen ƙashi da mata masu kaɗi ke dangwalawa a yatsa don mazari ya juyu.

Sinadarin da ya rage a ƙashin, wato haidiroksi'afatait, haɗin kalsiyam da fosfaras ne, kuma ba ya lalacewa ko da zafi ya wuce digiri 1000. Saboda haka ana iya cusa shi kafin gasawa ba tare da fargaba ba. Rauninsa shi ne ba ya kama kansa da ruwa kaɗai: in ya bushe sai ya koma gari. Dole a haɗa shi da wani abu, ko ɗan yumɓu, ko farar ƙasa, ko abin danƙo.

Na uku jifsam, dutsen da ake yin garin silin na POP da ɗaurin karaya na asibiti da shi. Ɗan zafi kaɗan, wajen digiri 150, ya isa ya kori mafi yawan ruwan da ke cikinsa. In aka kwaɓa garin da ruwa sai ya daskare cikin mintoci, don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Bayan gasawa ake sa shi. Amma yana narkewa a ruwa, kusan giram biyu a kowace lita, abin da ke nufin a ƙasa mai laima shekaru dubu sun ishe shi ya tafi.

Na huɗu farin yumɓu, wato kawolin. Yana son wuta, domin sai ya wuce digiri 550 ko makamancin haka yake daina komawa laka idan ya jiƙe. Wahalarsa ita ce shi da yumɓun tukunyar ba sa tsukewa daidai lokacin bushewa, don haka yakan tsattsage ko ya saki gefe. Na biyar shi ne dutsen hoda, talk, wanda farce ke iya karcewa. Ba a cika samunsa ba sai a inda duwatsun yankin ke da shi.

## Yadda ra'ayi ya juya zuwa ƙashi

Tun 1904 wani limamin coci ɗan Hangari, Mór Wosinsky, wanda gidan tarihin garin Szekszárd ke ɗauke da sunansa, ya tattara irin waɗannan tukwane a babban nazari. A shekarun da suka biyo baya, maganar da ta fi yawo a rubuce-rubuce ita ce farin daga farar ƙasa ko katantanwa yake, kuma sau da yawa marubuci daga na gabansa yake ɗaukowa ba tare da gwaji ba. Zaton bai rasa dalili ba: katantanwa tana ko'ina a bakin koguna, kuma ana samun ɓawonta a tsofaffin matsugunai.

A 2007 Carlos Odriozola da Víctor Hurtado suka nuna cewa cikon tukwanen tsakiyar kwarin Kogin Guadiana, a lardin Badajoz na Sifaniya, ƙashi ne. A 2008 Roberts, Joanna Sofaer da Viktória Kiss suka gwada tukwanen yammacin Hangari, suka tarar akasarinsu ƙashin da aka riga aka ƙona ne, wasu kaɗan kuma kalsiyam kabonet, sannan haɗin ƙullun ya bambanta daga tukunya zuwa tukunya. A 2010 William Parkinson da abokan aikinsa suka sami ƙashi, ba katantanwa ba, a tukwanen gabashin Hangari na farkon Zamanin Jan Ƙarfe, wato lokacin da mutanen yankin suka soma yawan amfani da jan ƙarfe, waɗanda suka girmi na yammacin da fiye da shekara dubu biyu. A Piedmont ta arewacin Italiya an sami talk da ƙashi. A Morabiya ta Jamhuriyar Cek an sami kawolin, ƙashi, kabonet da jifsam, wani lokaci a gauraye.

Na'urorin da aka yi amfani da su kowacce da tambayar da take amsawa. Mai harba hasken eksire a kan ƙwayoyin gari tana faɗin ainihin ma'adinin. Mai amfani da hasken infirared tana iya nuna ko ƙashin ya sha wuta mai ƙarfi, domin ƙwayoyinsa suna girma su daidaita da zafi. Madubin ilektiron kuma yana nuna siffar ƙwayoyin tare da auna kalsiyam da fosfaras. A ƙashi, duk ƙwayoyin fosfaras uku suna tafiya da na kalsiyam kusan biyar. Ɓawon katantanwa yana da tsarin hawa-hawa da ake ganewa, dutsen alli kuma yana ɗauke da ragowar ƙananan halittun teku.

## Kafin gasawa ko bayanta?

A nan masana suka fi rabuwa. Masu cewa bayan gasawa ake cikawa suna kafa hujja da hayaƙi: wutar da ta baƙanta tukunya za ta baƙanta duk abin da ke jikinta, to ta yaya ƙullun ya fita fari? Suna kuma nuni da cewa a tukwane da dama, in cikon ya faɗi, ƙasan tsagar baƙi ne kamar sauran fatar, alamar hayaƙi ya isa wurin tun ba a rufe shi ba. Ga jifsam da ɗanyen kabonet, wannan ra'ayi ya fi dacewa da yadda sinadaran suke.

Masu cewa kafin gasawa ake yi suna duba ƙarfin riƙon. Akwai cikon ƙashi da ya manne da jikin tukunya sosai, abin da suke ganin danƙon da ya ruɓe tun shekaru dubbai ba zai bayar ba. Suna cewa yumɓu yana tsukewa idan yana bushewa, ƙashi kuwa ba ya tsukewa, don haka tsagar takan matse cikon ta riƙe shi. Akwai kuma matsaya ta tsakiya: a gasa tukunya, a cika ta, sannan a sake ɗumama ta a ƙaramar wuta.

Abin da ke dagula shari'ar shi ne ƙashin ya riga ya sha wuta kafin a daka shi. Idan na'ura ta nuna ya kai digiri 700, wannan bai faɗi ko a wutar farko ya kai ba ko a jikin tukunya. Farar ƙasa ma haka: wadda aka ƙona aka jiƙa, bayan ta sake taurarewa, sinadarinta ɗaya ne da dutsen da ba a taɓa ƙonawa ba, sai dai ƙwayoyinta sun fi ƙanana. Hukuncin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne a duba kowane rukunin tukwane daban, domin amsa ɗaya ba ta isar wa nahiya guda da shekaru dubu uku.

Maganar danƙo ma ba a rufe ta ba. Ana ambaton kitse, ƙaro, ƙwai da danƙon fata a matsayin abubuwan da za su iya riƙe garin, kuma masu gwajin kwaikwayo sun nuna irin waɗannan suna aiki. Sai dai gwajin yana nuna abin da zai yiwu ne, ba abin da aka yi ba, kuma waɗannan abubuwa ne da ƙasa ke cinyewa da wuri.

## Ƙashin mutum ne?

Tambayar ta taso ne saboda mutanen yammacin Hangari na wancan zamani ƙona mamatansu suke yi, kuma yawancin kyawawan tukwanen a kaburbura aka same su. Masu wannan zato suna ganin al'ummar da ta saba da farin ƙashi a wurin jana'iza ba za ta ɗauke shi kamar kowane gari ba. Masu ja da shi suna cewa ƙashin shanu, tumaki da barewa yana jibge a kowane juji, kuma an sami cikon ƙashi a wuraren da binne gawa ake yi ba ƙonawa ba.

Gwaji bai raba wannan gardama ba, kuma dalilin a fili yake. Abubuwan da ake gane jinsin ƙashi da su, wato furotin ɗinsa da ƙwayoyin gado, wutar da ke mayar da shi fari tana ƙone su. Siffar da ta rage kuma dutsen niƙa ya shafe ta. Duk rahoton da ya ce “ƙashi” yana nufin ƙashi ne kawai, har da yiwuwar ƙahon barewa mai rassa, wanda shi ma ƙashi ne. Wanda ya ƙara kalmar “mutum” ya wuce abin da na'urar ta faɗa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne zaɓin kansa. Akwai yankunan da farin dutse ke kusa amma magina suka bi doguwar hanyar dafa ƙashi, ƙonawa da niƙa, yayin da maƙwabtansu masu irin zane ɗaya suka tsaya ga farar ƙasa. Zane ana iya kwaikwayonsa daga tukunyar da aka gani a hannun baƙo. Haɗin ƙullu kuwa sai an zauna kusa da mai yi an koya. Shi ya sa masana ke amfani da cikon wajen bin sawun wa ya koya daga wa, ko da siffar tukwanen ta zama iri ɗaya.

## Inda ƙasa ke yaudarar mai bincike

Ba kowane fari a cikin tsaga ne ado ba. A ƙasa mai yawan farar ƙasa, ruwa yakan ajiye ɓawon kabonet a duk wani rami na tsingaro. Ana gane wannan da cewa yana hawa har kan bakin karaya da cikin tukunyar, wuraren da magini ba zai sa ado ba. Fosfaras ma yana iya shiga daga ƙasar kabari ko juji, don haka ganinsa kaɗai bai isa a ce ƙashi ba sai an ga ma'adinin kansa.

Akasin haka ma yana faruwa. Ƙasa mai tsami tana cinye kabonet, ruwa yana wanke jifsam, ƙonannen ƙashi kuwa ya fi su jurewa. Wannan na nufin ƙididdigar yau tana iya fifita ƙashi fiye da yadda yake a da, kuma tukwane da yawa da ake gani da tsaga wayam wataƙila da farinsu aka yi su. Wata ɓarnar kuma hannun mutane ne ya yi ta: an daɗe ana wanke tsingaro da burushi mai ƙarfi, ko a tsoma shi a ruwan asid don cire ɓawon ƙasa, asid ɗin kuwa ba ya bambanta ɓawon da cikon. An kuma sami masu gyara da suka sake cika tsaga da sabon garin POP don tukunya ta yi kyau a akwatin nuni, wanda zai iya sa mai gwaji ya auna aikin ƙarni na 20 yana zaton na mutanen da ne.

## Abin da wannan ke nufi ga wanda ba masani ba

Mai ziyartar gidan tarihi ya ɗauki bayanin “farar ƙasa” a tsohuwar takarda a matsayin zato, sai in an ambaci gwaji. Mai karanta labari ya duba tukwane nawa aka gwada da kuma daga ina, domin sakamakon ƙauye ɗaya ba ya hukunta nahiya.

Ga maginin da ke son gwada fasahar, zaɓin yana bin wutarsa. In zai cika bayan gasawa, jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ta fi sauƙi, a tace ta sosai, a ɗan jiƙa tsagar kafin a cusa don kada busasshen yumɓu ya zuƙe ruwan ƙullun ya tsattsage, kuma a kiyaye hannu da ido domin tana ƙuna. In zai cika kafin gasawa, garin ƙashi da ɗan kawolin ya fi aminci, amma ya san hayaƙin baƙantawa zai taɓa farin. Irin wannan ado ba na tukunyar girki ba ne, tsamin abinci da yawan wanki suna cinye shi.

Manomi ko mai haƙar gini da ya ci karo da tsingaro mai zane, a ko'ina yake, kada ya goge shi da burushi, kada ya jiƙa shi, kada ya ɗiga masa lemon tsami ko ruwan batir don ya ga ko zai yi kumfa. Kumfar tana nuna kabonet ne, amma a daidai lokacin take narkar da shi. A bar shi ya bushe a inuwa da ƙasarsa, a naɗe kowane yanki daban a takarda, a rubuta wurin da aka same shi da zurfinsa, a kai wa hukumar kula da kayan tarihi. Ɗan garin da ya rage a ƙasan tsaga, ko bai kai ƙwayar gero ba, ya ishi na'urorin yau su gane ma'adinin.